Gaurakin da Yaya Sale Ya Je Gani

Bana shekara bakwai ke nan da aka kashe yayana Sale a bakin tafkin bayan ƙauyenmu, ta wajen Sule Tankarkar. Har yau da sanyi ya shigo sai raina ya ɓaci.

Tela ne, amma tsuntsaye sun fi ɗinki shiga ransa. A kasuwar Maigatari ya samo wani tsohon madubin hangen nesa mai ido biyu cikin kayan gwanjo, tun daga nan muka shiga uku. Kowace safiyar hunturu sai ya zagaya tafkin, ya dawo yana ba mu labarin zalɓe da kirinjijiya kamar surukansa. Ni kuwa ina yi masa tsiya cewa tsuntsun da ba za a ci ba, kallonsa wahala ce.

Ran nan ya ja ni, wai gauraki sun sauka, an daɗe rabon da a gan su. Sanyi kamar ya tsaga ƙashi, muka naɗe fuska da rawani, ido kawai a waje. A makon an kore shanun wata ruga da ke kusa, kowa a fusace yake. Wani ya hango mutum biyu fuska a rufe, ɗaya yana leƙen daji da madubi, ya ruga ya ce masu yi wa ɓarayi leƙen asiri sun dawo.

Da muka ji ihun taron mutane a bayanmu, Yaya bai ko waiwaya ba. Hannu ya ɗaga, ya ce, "Don Allah a hankali, za ku tashe su."

Suka ɗauka abokansa yake yi wa alama. Gora ce ta fara sauka a ƙeyarsa, adda ta biyo. Ni aka karya mini hannu, ina kiran sunansa da na mahaifinmu, ba mai ji. Sai da rawanin ya warware cikin jini wani ya ce, "Innalillahi, tela ne." A cikinsu har da masu sanye da rigar da ya ɗinka.

Yau masu buga bulo sun cinye rabin tafkin, gauraki ba su sake sauka ba. Da yana nan, na san cewa zai yi a jira baɗi, za su dawo. Ban kai shi haƙuri ba, kuma gaskiya ban yafe ba tukuna.

Madubin yana wurina, ido ɗaya ya fashe. Da ɗayan nake zagaya tafkin duk hunturu, ni da na yi masa dariya. Waɗancan mutanen sukan hango ni su sunkuyar da kai. Komai tsananin sanyi, fuskata a buɗe nake fita.