Almakashin Kawu Shuɗi

Kawu Shuɗi ƙanin mahaifiyata ne, mai walda. A layinmu akwai ƙofofin ƙarfe talatin da biyu, ashirin da bakwai shi ya ƙera su. Biyar ɗin da suka rage duk sun karkace, mai musu ya je ya duba. Ni ke nemo masa aiki, in auno ƙofa ko taga, in sayo rodi, shi kuma ya zauna da wuta.

Fenti ne ya ja masa sunan. Yana yaron shago aka ɗauke guduma, maigidansa ya ce shi ya sayar, ya kore shi. Tun daga nan duk ƙarfen da ya zama nasa sai ya tsoma mariƙinsa a shuɗin fenti, ya ɗiga fari sau uku. Kayan aikinsa arba'in da ɗaya, kowanne da ƙusarsa a bango. Matarsa takan ce da yara na tsayawa wuri ɗaya, da su ma ya tsoma ƙafafunsu.

A cikin kayan nan babu kamar almakashin yanke rodi, dogo har ƙugu. Da shi ya buɗe shagon. Ko ni ba ya bari in ɗauka sai yana tsaye.

Katanga ɗaya ce tsakanin shagon da caji ofis. Ya gyara musu benci huɗu da ƙofar ɗakin tsare mutane, bai karɓi komai ba, wai haƙƙin maƙwabtaka. Na sha gaya masa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sai umarni ya zo daga sama: kowane caji ofis ya riƙa holin masu laifi a gaban 'yan jarida, wanda teburinsa ya fi cika shi ke da ƙarin girma. Tara mutane ba wuya. A zaga tasha, a kwashe masu kwana a rumfa da baƙin da ba su da takardar zama, mota ta cika. Abin da za a jera a gabansu ne aiki.

Wata safiya Sajan na caji ofis ɗin ya leƙo yana washe baki.

"Baba Shuɗi, a taimaka da aron almakashi da 'yan guduma. Wani kwaɗo ne ya ƙi buɗuwa."

"Kwaɗo ɗaya ne zai ci ƙarfe shida?" na ce.

"Kai dai ka cika lissafi, ɗan Baba. Kafin rana ta faɗi sun dawo."

Da yamma muna cin abinci matar Kawu ta ƙwala kira daga ɗaki: "Ku zo ku ga ɗanku a talabijin!"

Mutum biyar ne zaune a ƙasa, ba riga. A gabansu tebur, a kan teburin ga gudumomi, ga almakashi, shuɗin mariƙi, ɗigo uku. Ogan caji ofis ɗin na bayani cewa waɗannan su ne kayan da 'yan fashin ke fasa shaguna da su. Na biyu daga dama kuwa Mai Baro ne, baƙon da ke ɗauko mana rodi daga kasuwa, mutumin da ko ƙusa ya tsinta a baronsa sai ya dawo da ita. Kawu ya ajiye cokali, bai ƙara ɗauka ba.

Ni dai a ganina magana ce gajeriya. Shida aka ara, shida za a bayar. In Kawu ya ce nasa ne, ya samu almakashinsa, Mai Baro kuma ya wanku. Da gari ya waye na sa shi a gaba muka shiga.

Warin wurin kaɗai ya isa hukunci. Oga na zaune ƙarƙashin fanka yana sakace.

"Ranka ya daɗe, kayan aro muka zo karɓa," in ji Kawu.

"Wane aro?"

Sajan ya ɗaga kai yana nazarin fanka kamar yau aka kafa ta.

Oga ya sa aka kawo almakashin, aka ɗora a tebur. "Duniya ta ga an kama wannan a hannun 'yan fashi. Dama muna neman mai ba su kayan aiki. Sajan, akwai wuri a ciki?"

"Za a matsa, yallaɓai. Ƙofar ma shi ya gyara mana, ba ta da matsala."

Suka yi dariya su biyu.

"To, Baba, duba da kyau. Naka ne?"

Daga bayan sandunan ƙarfen muryar Mai Baro ta fito: "Baba Shuɗi! Faɗa musu, don girman Allah! Kai ka san ni!"

Baki bakwai ke jiran Kawu a gida. Na ga hannunsa ya nufi mariƙin, ya tsaya a hanya. Na buɗe baki zan yi magana, ya take mini ƙafa da ƙarfi.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Shuɗin fenti ko'ina ana sayarwa."

"Madalla. Dattijo ba ya ƙarya. A gaida gida."

Muna fita Kawu ya tofar da yawu a gindin katanga, ya sake tofarwa, kamar wanda ya tauna ƙuda.

An tura Mai Baro gidan yari, wai jiran shari'a. Baronsa na nan a ɗaure a ƙofar shago, tayar ta sace. Almakashin kuwa ya samu aikin gwamnati. Zuwa yanzu an kama shi a hannun gungu huɗu daban-daban, mutum goma sha tara ke nan suka zauna a bayansa ba riga. Ko fentin ba su damu su goge ba. Matar Kawu ta ce ya kusa zama kofur. Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta maimaita ba.

Yanzu da zarto Kawu ke yanka rodi, yana haki. Masu ba da aiki uku sun janye, ɗaya ya ce mini ba zai sa ƙofar da mai shuɗin almakashi ya san sirrinta ba. Rannan na tarar Kawu ya sauke ragowar talatin da biyar ɗin daga bango, yana kankare mariƙansu ɗaya bayan ɗaya. Gwangwanin fentin ya juye shi a kwata.

Bai gama ba Sajan ya leƙo, holi ya matso.

"Baba Shuɗi! Ina gajiya?"

"Babu mai wannan suna a nan," in ji Kawu. Ya sauke gilashin fuska, ya kunna wuta.

Sajan ya kare ido daga tartsatsi, ya sunkuya, ya zaɓi babbar guduma da kansa, wadda aka riga aka kankare. Har ya yaba, wai haka ya fi tsabta.

Saura talatin da huɗu.