Likkafanin Baba da Gumakan Yunanawa

Ni mutum ne mai wasi-wasi. In aka ajiye mini abu biyu aka ce in ɗauki ɗaya, sai in wuni ina juya su. Mahaifina ya san halina sarai, amma ni kaɗai ne ɗansa namiji, don haka ni ya aika.

Shekarun nan ne da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano, yadin Turawa ya cika kasuwa. Baba masaƙi ne, ciwo ya kwantar da shi a gidanmu na Sheshe, idonsa ma ya tafi. Wata safiya zan fita marina ya riƙe hannuna ya ce, "Ka sayo mini likkafanina. Ina so in taɓa shi tun ina da rai. Mai ƙwari, ba irin wanda ake hango rana ta cikinsa ba."

Alawayyo, farin yadin likkafani, iri biyu ne a kasuwa lokacin, kowanne da takarda mai hoto manne a bakin bandir. Ɗaya wani ƙaton mai gemu ne riƙe da walƙiya. Ɗayan shi ma gemun gare shi, amma mashi mai baki uku ya riƙe, kifaye na kewaye da shi. Mu a marinar Ƙofar Mata mun ɗauka hoton ne ke faɗin ƙwarin yadi: wanda ya fi ƙarfi cikin ƙattin nan biyu, yadinsa ne ya fi. Ba wanda ya gaya mana haka, mu muka yanke wa kanmu, har aka rabu gida biyu ana musu a bakin rijiyar rini.

Abin kunyar, ni marini ne. Da na murza gefen kowanne da yatsa biyu da na gane. To amma na Baba ne, sai na kasa yarda da yatsuna. Na je rumfa, na ɗaga wannan, na ɗaga wancan, na dawo hannu wofi. Baba ya ji tafiyata ya ce, "Ka samo?" Na ce, "Gobe in sha Allahu."

Washegari na koma wurin mai rumfar, wani tsohon Balarabe da iyayensa suka zo daga Turabulus. A ƙuruciyarsa ya zauna da Yunanawa masu nutso a teku. Na nuna masa hotunan na ce, "Alhaji, wa ya fi ƙarfi?"

Ashe na taɓo masa inda yake so. Ya gyara zama ya ce, "Gumakan Yunanawa ne na jahiliyya, ɗana, 'yan uwan juna ne. Mai walƙiyar ya taɓa cika baki cewa duk sauran su kama igiya ɗaya, shi ya kama ɗaya bakin, zai janyo su har da ƙasa da teku."

Na miƙa hannu zan ɗauki mai walƙiya.

Ya ce, "Kada ka yi sauri. Mai mashin in ya buga ƙasa, gari rushewa yake. Matuƙan jirgi shi suka fi tsoro. Kuma an ce ya taɓa haɗa baki da wasu suka ɗaure ɗan uwan nasa."

Na janye hannuna. Ga kuma sabuwar damuwa: gumaka a kan likkafanin Baba? Daga nan ban zame ko'ina ba sai zauren malamin unguwarmu. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali ya ce, "Ka yage takardar ka wanke yadin, shi ke nan." Ranar ma ban saya ba. Na kasa aiki, na kasa zama, na yi ta zagaya lunguna don kada in shiga gida Baba ya tambaye ni.

Rana ta uku na fita tun da safe, sai da rana ta take na sake komawa wurin Balaraben na ce, "Alhaji, don Allah a ƙarshe wa ya ci?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba su gama ba har aka daina bauta musu. Wai me ya dame ka da su ne?"

Na gaya masa. Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Haba ɗana. Ai yadi ɗaya ne, cikin dila ɗaya nake kwance su. Ba ka tambaye ni yadi ba, gumaka ka tambaye ni."

Ya auna ya yanka, na ɗauka ina sauri kamar in tashi sama. Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza na zaune a kai. Fitata ke da wuya rai ya yi halinsa. An neme ni a marina ba a same ni ba, maƙwabcinmu ya ciro nasa likkafanin da ya ajiye wa kansa ya bayar. Har an yi wanka an suturta shi.

Yayata ta tare ni a soro, idonta jawur. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Duk wanda Baba ya ji motsinsa a zaure sai ya miƙo hannu ya ce, shi ne?"

Aka fito da shi aka ja sahu. Na tsaya a bayan liman da yadin a hammatata, na rasa inda zan ajiye shi.