Bangon da Babanku Ya Rina

Da sunan Allah na fara. Ke kuma 'yar nan, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara don ubanki ne.

Babanku mai gyaran takalma ne tun kafin in aure shi, a rumfar nan ta bakin tasha. Ɗinki kam Allah ya ba shi. In ya ɗinke maka takalmi, ƙafarka ce za ta tsufa ta bar shi. Amma rini, sai addu'a. Tunda nake da shi bai taɓa haɗa kala ɗaya sau biyu ba. Ba ya awo. Ya zuba wannan, ya ɗiga wancan, ya juya da tsinke, wai idonsa ne ma'auni. Mutum zai kawo takalma ruwan ƙasa, ya koma da na dama kamar hanta, na hagu kamar shayi da madara. In ya yi ƙorafi babanku ya ce, "Wa ke tsayawa ƙafa a haɗe in ba soja ba? Ka riƙa tafiya, ba mai ganewa."

A gidan haya muka haife ku duka, a saman bene. Kin san yadda gwiwoyina suka koma. Ruwan alwala ma sai an hau mini da shi, in mutuwa aka yi a unguwa sai dai in aika da gaisuwa ta taga. Shi ya sa da yayanki ya fara gini ya ce ɗakina a ƙasa yake, da famfo a bakin ƙofa, kullum sai na sa ginin a addu'a kamar mara lafiya.

Da jan bulo ya yi gaban gidan, ba filasta, wai haka ya fi kyau. Bulo ya ƙare daidai tagogi. Aka kawo wani daga wurin wasu masu gasawa, shi kuma fari-fari. Magini ya ce in ya sha rana zai daidaita. Ya sha rana har aka ɗora rufi, bai daidaita ba. Ga ja a ƙasa, ga koɗaɗɗe a sama, da layi a tsakiya kamar wanda aka fara yi wa aski aka ɗauke wuta.

Yayanki ya ce a rushe saman. Magini ya ce to sai an ɗaga rufi, kuma masu bulon farko ba za su sake gasawa ba sai bayan damina. Ni abin da na ji kawai shi ne wata damina a saman bene.

Sai babanku ya yi gyaran murya. "A rina shi mana. Ni zan yi."

Yayanki ya ce, "Baba, gida ne fa, ba takalmi ba."

"Kai ma da takalmin aka yi ka mutum."

Na ce wa yayanki, "Bangon da za ka rushe, me kuma zai ɓata a ciki? Bar shi ya gwada." Bayan sallar la'asar na ɗaga hannu na ce, ya Allah, sau ɗaya dai a rayuwar bawan nan naka, ka sa kalarsa ta zo daidai.

Ba ta zo ba. Magini ne ke kawo mini labari yana riƙe ciki don dariya. Bokitin farko ya fito kamar hanta. Ya haɗa na biyu don ya gyara, ya fito ruwan lemo. Kuma da ɗan burushin takalmi yake yi, bulo ɗaya bayan ɗaya, nan da can, duk inda tsani ya kai shi. Da ya ga saman ya ƙi zuwa wurin ƙasan, sai ya sauko ya fara shafa wa jajayen ma, wai su haɗu a hanya.

Magini ya ce, "Baba, bulo fa in ya sha ya sha, ko sabulu ba ya fitar da shi."

Ya ce, "Na fi ka sani. Riƙe mini tsani."

Ranar da yayanki ya zo da masu rushewa, ya tsaya a tsallaken titi ya daɗe yana kallo. Babu bulo biyu masu kama da juna a bangon nan, daga ƙasa har sama. Ya matso, ya ja baya, ya ce wa magini, "Wai ina layin?" Magini ya nema shi ma, har da shafawa da hannu. Babu. Yayanki ya sallami mutanen, ya ce a sa ƙofofi.

Yanzu da muka tare, babanku yana zama a ƙofar gida yana gaya wa kowa da gangan ya yi. Wani ma ya tsayar da mota ya tambayi inda ake sayar da irin wannan bulon, shi kuma ya ce zai yi masa irinsa sak. Allah ya jiƙan gidan mutumin.

Ni dai kala ɗaya na roƙa, Ubangijin da ya fi ni sanin mijina bai ba ni ba, alhamdulillahi. Ajiye biron nan, zan fita in yi alwala da ƙafata.