Gudu Huɗu na Kawu Iliya

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Kawu Iliya a Gangaren Tudu, cikin Keffi, ya san yatsan nan. Da zarar ya zura faifan sidi a bona, wato na'urar da ke zuba waƙa ko karatu ko bidiyo a faifai, ya danna, sai ya ɗaga manuniyarsa sama. Shi ke nan, an rufe bakin kowa. Ba magana, ba tari, ba jan benci, har sai 'yar koriyar fitilar ta daina ƙiftawa. Kuma ba ta dainawa da wuri, don wajen saurin zuba faifai Kawu bai taɓa wuce gudu huɗu ba. Lokacin da duniya ke magana a kan gudu arba'in da takwas da hamsin da biyu, shi yana nan a huɗunsa. Na'urar tana iya fin haka, mai ita ne ba ya iyawa.

Ni Sabo, ɗan ƙanwarsa Hajara, na fi kowa shan wahalar yatsan nan, don haka ku bar ni in faɗa. Akwai kuma wani kaset na muryar mahaifiyata da ya shiga tsakanina da shi shekaru da yawa, zan zo kansa.

Kun tuna igiyar da ya ɗaura daga taga zuwa ƙofa? Duk faifan da ya lalace yana cikin aiki, ba ya zubarwa. Sai ya rubuta sunan mai laifi da alƙalamin maka, ya rataye. Akwai "Tarin Alhaji mai taya". Akwai "Tirelar siminti". Akwai "Atishawar ɗan jami'a". Na'urarsa dai ba ta taɓa laifi ba, haka ma masu ɗauke wuta. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Inna Jumma, Bafulatanar da ke kawo nono daga rugarsu kowace hantsi. Ta leƙo ta yi sallama da muryar nan tata da ake ji daga bakin titi, faifai ya tsaya cak.

"Jumma, kin kashe min faifai!"

"Ni? Ko taɓa shi na yi?"

"Muryarki ta taɓa shi."

"To, Iliya, in muryata na kashe shi, ka ce masa ya bar sana'a. Nagge ma ba ta tsorona haka."

Washegari sai ga "Sallamar Jumma" a igiya. Daga ranar, in ta zo, sai ta tsaya a ƙofa ta ɗaga nata yatsan tana tambaya da ido ko an gama. Nonon kuwa bai fasa saye ba, kuma bai fasa cewa ta ƙara masa ludayi ɗaya na diyya ba.

Lokacin ne Abuja ta fara tumbatsa tana zubo mana mutane. Ma'aikatan da haya ta koro suka cika Keffi, suna sammako su tafi, su dawo da yamma a gajiye, kowa da agogo a hannu. Wata safiya wani daga cikinsu ya faɗo shagon da taye a wuya, yana son a zuba masa takardun wani taro a faifai, mota na jiransa a tasha.

"Baba, abeg, sharp sharp. Minti nawa?"

"Ashirin, in ba ka yi motsi ba."

"Ashirin! A Wuse minti biyu ake yi!"

"To ai Wusen za ka."

"Baba, ka ƙara spid ɗin mana, ga shi nan a rubuce."

Kawu ya dube shi ta saman tabarau. "Ɗana, faifai ba motar Abuja ba ne. Ku kullum gudu kuke yi, kuma kullum a makare kuke."

Mutumin ya zauna yana karkaɗa ƙafa. Kawu ya nuna ƙafar, ya nuna igiya. Ƙafa ta tsaya. Na rantse muku, babban ma'aikaci ne, direba gare shi a ofis, amma haka ya yi minti ashirin kamar an dasa shi.

Sai maganar emti, wato faifan da ba a zuba komai a kai ba. Kawu yana da iri biyu. Akwai na sanda, waɗanda ake jerawa ɗari a sanda guda, mafi araha a kasuwa, in ka ɗaga su a rana kana hango gari ta ciki. Da su yake yi wa kowa aiki. Sannan akwai guda goma masu ruwan zinari, kowanne a kwalinsa, da ya sayo tun farkon buɗe shagon, ya zuba a gwangwanin biskit ya sa kwaɗo. Ya ce waɗannan jikanka ma zai ji abin da ke kansu. Matsalar ita ce, ba kuɗinka ke sayen na zinari ba. Kawu ne zai auna abin da ka kawo, ya ga ko ya cancanta.

Wani mai neman kansila ya zo da waƙar kamfen ɗinsa da tawagar mutum shida, ya ce na zinarin yake so, ko nawa ne.

Kawu ya ce, "A sa in ji."

Aka sa. Mawaƙi ya yi alƙawarin rijiya, ya yi na kwalbati, ya yi na taransifoma.

Kawu ya miƙa hannu ya zaro na sanda. "Ranka ya daɗe, wannan yana kai shekara uku kafin ya fara ɓarewa. Ko rabin haka alƙawuran nan ba za su kai ba. Kada mu yi ɓarna."

Wani ango ma ya kawo bidiyon bikinsa ya roƙi na zinari. Kawu ya kalli bidiyon, ya kalli angon, ya ce, "Ka riƙe na sanda tukuna. In kun kai shekara biyar, ka dawo." Allah ya jiƙansa, a gaban abokan ango ya faɗa!

To ni ne na ce ba zan tsufa a gudu huɗu ba. Na buɗe nawa shagon a tsallaken titi, daidai saitin ƙofarsa, na sayo doguwar na'ura mai baki bakwai, tana fitar da faifai bakwai kafin Kawu ya gama gyara zama. Ranar da na kunna ta, ya tsallako da sandarsa, ya kara kunne yana jin rurinta.

"Sabo, bonin take yi ko markaɗe?"

"Kawu, zamani ne."

"In ta gama, ka aiko min da ƙullun ƙosai."

Bari in faɗi gaskiya, tunda ba ya nan balle ya katse ni: na ci shi da yaƙi. 'Yan jami'a masu son handawut da fina-finai da waƙoƙi duk suka dawo wajena. Abin da za a kalla yau a manta jibi, wane ne zai ba shi minti ashirin? A irin wannan aikin na'urata ta fi tasa nesa ba kusa ba, kuma har gobe ina kan bakana. Shagonsa ya koma majalisar tsofaffi uku da Inna Jumma. Na ji daɗi, ban ɓoye ba. In na gan shi yana kora ƙuda, sai in ɗaga masa yatsa daga tsallake.

Yanzu ga kaset ɗin. Lokacin da nake bautar ƙasa a kudu, mahaifiyata ba ta iya rubutu ba, sai ta yi min magana a kaset ta ba direban mota ya kai min. Bayan rasuwarta, shi kaɗai ne wurin da muryarta ta rage a duniya. Ya fara tsufa yana jan magana, kuma duk unguwar Kawu kaɗai ke da tsohuwar rediyo da wayar da ake juye kaset zuwa kwamfuta. Dole na haɗiye girman kai na tsallaka.

Ya juye shi tsaf. Muna gamawa, rediyon ta tauna zaren ta tsinka shi gida uku. Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi, ya jira mu. Je ka dawo bayan la'asar."

"Kawu, zuba min a filashi kawai. Minti ɗaya zan yi a shagona."

"Muryar ƙanwata za ka sa a injin markaɗe? A kan na sanda?"

"Duk ɗaya ne, Kawu. Tsadar banza ce."

Ya karɓi filashin. Sannan ya zuba min, ya ce, "Sauka lafiya, direba."

Na yi shi a minti ɗaya kuwa, na rubuta "Inna" a kai, na jefa a aljihun mota. Filashin na goge na zuba wani abu. Kwamfutar shagona kuma wata wuta mai ƙarfi da aka kawo ta ƙone ta da duk abin da ke ciki. Ban damu ba, ai ina da faifai. Sai da 'yata, mai sunan mahaifiyata, da muke kira Ummi, ta yi wayo ta ce tana son jin muryar kakarta, na ɗauko shi. Bayansa ya ɓare kamar fatar albasa. Na goge da riga, na hura masa iska, na gwada a na'ura biyar. Ko uffan.

Ranar na yi kuka a mota. Amma kun san me? Ban tsallaka titi ba. Na tabbata tsohuwar kwamfutarsa ba ta da wurin ajiye abin shekaru, kullum gogewa yake yi. Kuma na san abin da zai ce, na ma san sunan da zai rubuta ya rataye a igiya. Shekara shida ina ce wa Ummi "sai an gyara". Muna gaisawa da Kawu kullum, yana tambayata, "Ya injin markaɗe?" ina cewa lafiya lau, alhali sana'ar faifan ma ta mutu, waya ta cinye mu duka, mai huɗu da mai hamsin da biyu.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, bayan sadakar bakwai ɗinsa, matarsa Inna Laraba ta kira ni in taya ta kwashe shagon. Muka fasa kwaɗon gwangwanin biskit. Jama'a, tara suna nan a ledarsu! Shekara da shekaru, duk faɗin Keffi, da malamanta da attajiranta da angwayenta, ba a samu wanda ya cancanci faifan Kawu ba. Na fara dariya, sai na ga na goman. An buɗe shi, kuma ga rubutun maka a kwalin: "Hajara. Na Sabo ne, ranar da nasa ya ɓare. Sai ya tambaya."

Inna Laraba ta ce, "Tun ranar ya yi shi, bayan fitarka. Duk bayan kwana biyu sai ya ce min, yaron nan nasa ya isa ɓarewa yanzu, yana nan tafe."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ga wani abin haushin kuma: na zagaye abokaina, babu mai kwamfutar da ke da bakin faifai. Tawa mai baki bakwai tuni 'yan gwangwan suka auna ta a sikeli. Dole na dawo shagon da Ummi, na jona tsohuwar Kawu, muka zauna muna jira ta farka. Ta ɗauki lokacinta, kamar mai ita. Ban san sanda na ɗaga yatsa ba, sai na ga Ummi ta kama bakinta.

Muryar ta fito garau.

"Sabo, Innarka ce. Kana cin abinci kuwa? Kawunka ne ke riƙe da rediyon, ya ce kada in yi tari, wai zan ɓata masa kaset."

Sai ta yi tarin. Sai ta fashe da dariya. Daga can baya kuma wata murya, da sauran ƙuruciyarta, ta ce, "Hajara, kin ɓata! Sai mun sake!"

Ba su sake ba. Ni kuwa duk na manta da wannan wurin, shekarun nan ina zaton muryar mutum ɗaya na rasa.

Ummi ta ce, "Baba, a ƙara sawa." Na ce ta bari na'urar ta huta tukuna, kada mu matsa mata.

Allah ya jiƙan Kawu Iliya, ya haɗa shi da ƙanwarsa a gidan Aljanna, ya yafe masa abin da ya yi wa angon nan. Ni ma ya yafe min titin da na kasa tsallakawa. Amin.