Ruwan Tsamiyar Lado Majemi

Lado majemi ne a Kurfi, kuma da rinin jar fata aka san shi. Gadon sana'ar ya yi, bai kuma taɓa zama ya yi wa wani bayaninta ba. Idan fatar akuya ta jemu, sai ya shafe ta da ruwan karan dafi da kanwa, ta fito da duhu kamar hanta. Daga nan sai ruwan tsamiya. Yana zubawa a gefe guda, hasken zai bi danshin fatar ya ratsa har ɗaya gefen, kamar ana miƙa tsamin hannu da hannu. Wannan jan dukawan Dutsin-Ma ke so, kuma dillalinsu, Alhaji Sodangi, shi ke kwashe duk abin da Lado ya rina.

Ma'aunin Lado harshensa ne. Zai lashi ruwan, in ya kashe masa haƙora to ya yi. Shi ya sa da idonsa ya fara hazo, wajen shekarar da aka sami 'yancin kai, aikinsa bai canza ba, kuma bai gaya wa kowa ba.

Azumi ne ya tona shi. Alhaji ya aiko yana son fatu kafin Sallah, Lado kuwa ba ya kai komai baki da rana, ko da zai tofar. Ya jiƙa tsamiya yadda ya saba, a tukunyar da hannunsa ya fara taɓawa. Ashe a cikinta matarsa Ma'u ta jiƙa kanwar kunu. Kanwa ta kashe tsamin, Lado ya wanke fatunsa da lami, ya shanya, ya naɗe su da duhunsu.

Alhaji ya warware ɗaya a zaure, ya daɗe yana kallo. Ya tambayi Lado wane launi yake gani. Lado ya ce ja. Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa ya yi akwai wani majemi a Birchi, kuma idan kaya na gaba suka zo haka, can zai koma.

Ma'u ta ce ya bari sai an sha ruwa ya riƙa haɗawa, ko ita ta riƙa duba masa launin. Ya ce ruwan da ya kwana ba shi da tabbas, kuma ita kanta ba ta bambance jan fata da jan barkono.

"To Malam, sai ka zauna mu ci girman kai," in ji ta.

Washegari ya wanke wata tukunya da kansa, ya jiƙa tsamiya, ya tsoma hannu zai dama. Hannun nan toka da bagaruwa sun daɗe da tsattsaga shi, ruwan kuwa ya shiga tsagar ya cije shi. Ya tsoma ɗaya hannun a ragowar ruwan da kanwa ta ɓata, bai ji komai ba. Ya ƙara tsamiya, ya rage, har zogin ya kai inda ya yarda da shi.

Alhaji ya karɓi waɗannan fatun, bai ce uffan game da Birchi ba.

Lado ya yi wasu shekaru yana rini a haka, har bayan idon ya rufe gaba ɗaya. Ma'u takan kawo masa man kaɗanya don hannun. Yakan shafa a ƙafa, don kada tsagar ta warke.