Ɗaga Kai a Gaban Baban Laure

Ban taɓa mantawa da ranar da na fara ganin babur ɗin En'e, hukumar gargajiya, a Batsari ba, baƙi wuluk, yana sheƙi kamar ango. Zamanin Turawa ne, ina ƙaramin malamin dabbobi. Aikinmu yi wa shanu allura, wanda ya iya babur kuwa shi ke kai kwalaben magani ƙauyuka. Tun ranar nake mafarkin shiga ƙauyen Wagini a kansa, Laure da nake nema tana leƙe ta saman katanga.

Saje Audu, tsohon soja, shi ya koya mini. Tafiya miƙe ba wuya, juyawa a matsattsen wuri ita ce aiki. Yakan ce, "Giya ta ɗaya, sassauta kuloci, taka birkin baya a hankali, kada ka taɓa na gaba. Sai ka waiga ka kafa ido inda za ka. Babur ido yake bi, samari. Ka kalli ƙasa, ka sha ƙasa."

Ranar gwaji shugabanmu, Baturen likitan dabbobi, ya ce in goya Saje da akwatin magani zuwa Wagini. In kwalba ta fashe, babur ya zama na wani.

Da muka isa, ashe lungun gidan dagaci ba ya ɓullewa, dole in juya tsakanin rumbu da katanga. Ina waigawa sai ga dattawa kan tabarma, daidai inda zan kalla, Malam Isiyaku mahaifin Laure a tsakiyarsu. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba! Nan take na sunkuyar da kai. Babur ya karkata, kwalabe suka fara ƙara.

"Ɗaga kai! Kalli surukinka!" in ji Saje.

"Haba Saje, da kunya!"

"Kunyar ce za ta yi wa shanu allura?"

Na ce bismillahi, na zuba wa Malam ido. Wallahi babur ya kewayo sumul kamar shirwa, ya tsaya a bakin tabarmarsa. Na sauka, na tuɓe takalma, na durƙusa na gaishe shi.

Malam ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To, ka gan ni, na gan ka. Turo magabatanka."

A ranar na gane cewa a aikin nan ladabi sai an sauka. A kan babur, amanar da ka ɗauko ita ce gaba.

Malam Isiyaku ya tsufa har idonsa ya mutu, amma bai yarda wani ya goya shi zuwa Safana ba sai ni. Duk kwanar da muka zo, sai ya dafa kafaɗata yana dariya: "Ɗaga kai, mijin Laure."