Gaisuwa Daga Kan Keke

Taubashina ne ya kawo maganar, ɗan ƙanwar mahaifina, mutumin da bai taɓa ganina ya ƙyale tumbina ya huta ba. Ya ce idan an gama kaka, makaranta ta yi hutu, mu ɗauki kekuna daga Anka mu yi yawon zumunci. Mu kwana Nasarawa Burkullu, mu kwana Bukkuyum, mu lallaɓa har Gummi, ba gaggawa, inda muka gaji mu sauka wurin dangi. Lokacin hanya lafiya lau take, kuma zinaren da ake haƙa a Bagega ya cika gari da babura har keke ya koma abin tsofaffi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce tsoronsa ɗaya ne, kada a dawo da ni a amalanke. Na ce masa ya jira ya gani. Na haura hamsin a lokacin, ina koyarwa a firamare, rabona da keke kuwa tun kafin a haifi autata.

Na fito da tsohon kekena aka sa masa sababbin tayoyi, aka zuba wa sarƙa mai. Kullum gari na wayewa sai in hau in fita, ba na dawowa sai bayan awa ɗaya da rabi. In dawo ko gumi babu, ina ce wa maiɗakina ashe dai jikin nan da sauransa. Sati biyu na yi ina wannan alfahari.

Wata Asabar taubashi ya zo ya ce mu gwada hanyar Gummi. Wallahi ko gonakin bayan gari ba mu gama wucewa ba na ji ƙirjina na tashi yana sauka kamar zugazugin maƙeri. Na sauka na zauna a gindin wata kanya ina haki, shi kuwa ya yi dariya har da hawaye. Da ya gaji ya tambaye ni wai ina nake zuwa a awa ɗaya da rabin nan. Muka bi safiyata ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi daga ƙofar gidana zuwa bakin gari sau bakwai nake sauka. A wurinmu ƙarami ba ya gaida babba daga kan sirdi. Za ka sauka, ka jingine keke, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Ashe ni gaisuwa nake fita yi, keken rakiya kawai yake mini.

Wadda ta fi tsawo a cikinsu ita ce ta Baba, aminin mahaifina. Tare suka yi ƙuruciya, kuma shi ya riƙe hannuna ranar da muka kai mahaifin nawa makwancinsa. Ya haura tamanin. Gidansa ne na ƙarshe kafin titi, kuma da sassafe yake shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro. Kafin keken nan sai in yi sati ban leƙa shi ba, bai taɓa riƙe ni da shi ba. Amma da na fara wucewa kullum, sai ya saba. Yakan ajiye mini ɓarin goro, ya tambayi gida da makaranta, ya ba ni labarin mahaifina wanda ban taɓa ji ba. Rabin awa takan tafi a nan ban sani ba.

Taubashi ya ce magani ɗaya ne: in yi rabin awa ina tuƙi ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, in ba haka ba in manta da Gummi. Sauran manyan na kauce musu ta wani lungu. Gidan Baba ne ba shi da zagaye. Na san abin da ya dace, in je in faɗa masa. Amma ta yaya zan kalli mutumin da ya ƙare rayuwarsa da fartanya in ce masa ni, magidanci, gumi nake fita nema da gangan? Kunya ta hana ni. Sai na yanke cewa zan riƙa ɗaga masa hannu, in na dawo daga tafiya in kai masa tsaraba in yi bayani.

Ranar farko da na wuce, saura kaɗan in sauka. Na ɗaga hannu sama sosai, na ƙara wuta, ban waiwaya ba. Rana ta biyu abin ya yi sauƙi, kuma wannan sauƙin ne ke ba ni haushin kaina har yau. Jiki kuwa ya karɓa. Ciwon cinya ya tafi, hakin ya ragu, na koyi shan ruwa kafin ƙishi ya kama ni, na daina tsoron ɗan tudun da ke gaban gari. Taubashi da kansa ya ce tumbin ya fara jin tsoron Allah. Maiɗakina ta taɓa tambayata ko ina gaida Baba, na ce mata kullum, kuma a ganina ban yi ƙarya ba.

Ana gobe za mu tashi, bayan la'asar, ina zaure ina ɗaura tabarmar salla da buta a bayan keke, sai na ji sallama. Baba ne tsaye da sandarsa, shi kaɗai, ƙafafunsa duk ƙasa. Tun rasuwar mahaifina bai tako gidanmu ba, don tafiyar ta fi ƙarfinsa. Na yi sauri na shimfiɗa masa buzu, ya ƙi zama. Ya ce ba zama ya kawo shi ba, an gaya masa gobe zan yi tafiya, kuma mai tafiya da mai zama duk ba wanda ya san gobensa.

"Yau kwana ashirin da ukku ina jin ƙarar sarƙar kekenka tana wucewa," in ji shi. "Na duba, na duba, ban gano mi na yi maka ba. Amma tsoho bakinai na zamewa bai sani ba. Ko mi ne ne, ɗana, ka yafe mini."

Na ce, "Baba, ai kullum ina ɗaga maka hannu."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ba daidai inda nake tsaye ba. A nan na lura da farin da ya rufe masa ido. Sati biyu na yi ina durƙusawa a gabansa ina karɓar goro, kaina a sunkuye don ladabi, ban taɓa kallon idon ba.

"Hannu?" ya ce. "Ai ni tun bara kunne nike gani da shi."

Na durƙusa na kama ƙafarsa. Shi kuwa ya dafa kaina yana jira, don har lokacin ban ce masa na yafe ba.